Bangon Leda a Tafkin Salmi

Tafkin Salmi, Minnesota
17 ga Satumba, 1978

Arvo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da gwiwar nan taka da kake cewa ta warke alhali na san ƙarya kake. Mu nan lafiya lau. Janine ta shiga aji huɗu, kai ya fara girma, yanzu har gyara min magana take yi. Patty ta faɗar da haƙorin gaba, duk wanda ya shigo sai ta nuna masa wawulon kafin ta gaishe shi.

Kullum da yamma muna kan gadar katakon nan taka da fatsa. Ruwa ya fara sanyi, kifi ya matso baki. Shekaranjiya Patty ta kama wani ɗan mitsitsi, ta ce in ajiye maka shi a firji har ka dawo. Na ce mata Kakanki ba zai ƙoshi da wannan ba. Ta ce, "Ai shi ma bai taɓa kama wanda ya fi shi ba." Ka ji abin da jikarka ke faɗa a bayan idonka.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Surukinka Russell ya bugo waya daga Milwaukee. Ya samu gida kusa da yayarsa, kuma yayar tana ta zuga shi ya ɗauko 'ya'yansa. Ban iya magana sosai ba, ka san layinmu ɗaya da maƙwabta, ina jin numfashin Hilja Salo tana saurare. Ya ce zai zo ƙarshen Nuwamba ya ga ɗakin da muka yi alkawari. In ya ga yaran na da wurin kansu mai ɗumi, zai bar mana su har a gama shekarar karatu, daga nan a sake magana. In bai gani ba, zai tafi da su.

Arvo, me zan nuna masa? A hutunka na Yuli ka rushe bangon bayan kicin don ƙara wa yaran ɗaki, ka shimfiɗa daɓen katako, aka kira ka bakin aikinka a jirgin ruwa, ka buga leda ka ce Satumba. Ga Satumba ta raba. Ganye ya fara ja. In iska ta taso ledar nan sai ta yi ta kumbura tana lotsawa, ni kuwa ina wanke kwanuka ina kallon daji ta cikinta.

Tun da muka binne 'yarmu Marja a Fabrairu, yaran nan ne suka hana ni kwanciya in ƙi tashi. Kai kana da injinka da hayaniyarsa. Ni su nake da su. In ka kalli Janine ta gefe, uwarta ce sak lokacin da take shekara tara. Ba zan iya rasa ta sau biyu ba.

Yaushe za ka sauka?

Matarka,
Lempi

*

A jirgi, Tafkin Huron
29 ga Satumba

Lempi,

Na samu takardarki a kogin Detroit, ɗan jirgin wasiƙu ya miƙo ta cikin bokiti. Ina lafiya. Gwiwa tana nan inda kika san ta. Ki gaishe da yaran. Ki ce wa mai wawulo na ji saƙonta, za mu haɗu.

Labarin ba daɗi. Wanda zai karɓe ni ya faɗo daga tsani a Toledo ya karya ƙafa. Ba wani a ƙasa. Shugaban injin ya ce ba sauka sai an ɗaure jirgi a Disamba. Na yi magana, na sake yi. In na sauka da kaina, aikin ya tafi ke nan, da fanshon da ya rage min shekara ɗaya. Kin san wannan.

Dutsen farar ƙasa muke ta dako, ba ma hawa Tafkin Superior da ke wajenku ko kaɗan bana, balle in leƙo.

Game da bango. Kada kowa ya taɓa shi. Ki ji ni da kyau, kada kowa ya sa hannu a wurin nan, ko ƙusa ɗaya. Ki ƙara leda a kan ta da, akwai nadi a rumbu. Ki toshe ƙasa da buhunan ganye.

Russell yaron kirki ne, zai fahimta. Kada ki tayar da hankalinki tun yanzu.

Ki ce wa Janine in ruwa ya ƙara sanyi ta bar gada, ku tura kwalekwale wajen duwatsun da ke gaban gidan su Salo. Can suke taruwa.

Arvo

*

Tafkin Salmi
8 ga Oktoba

Arvo,

Ina gaishe ka, tunda haka aka saba. Janine lafiya. Patty tana tari, ba mai tsanani ba tukuna. Ni kuwa kada ka tambaya.

Na karanta takardarka har na haddace ta. Wai kada in tayar da hankalina. Na rubuto maka cewa za a ɗauke mana jikoki, ka amsa min da inda kifi ke taruwa.

Kuma kada kowa ya taɓa bangonka. Na sani, ai na daɗe da sani. Shekara nawa muna tare ban taɓa ganin ka ba wani aron gudumarka ba. Rufin rumbu ka gwammace ya yi damina biyu yana yoyo da a ce Arvo Rautio ya nemi hannu. Amma wannan karon ba rumbu ba ne, tsoho. Yara ne.

Bari ka ji abin da taurin kanka ya jawo. Ranar Laraba Waino Salo ya tsaya da motarsa. Ka san Waino, kafinta ne tun kafin a haifi Marja, kuma ba ya shiga abin da ba a kira shi ba, to ka san matarsa Hilja ce ta turo shi. Ya zagaya baya ya tsaya yana kallon ledar, hula a hannu. Na kawo masa kofi. Ya sha rabi kafin ya buɗe baki.

Ya ce, "Sanyi zai zo da wuri bana."

Na ce haka ne.

Ya ce, "Mutum shida, yini ɗaya. In dai an yi gayya."

Wallahi bakina ya buɗe zan ce ku zo gobe. Sai na tuna takardarka tana aljihun rigata. Na ce, "Arvo ya ce kada kowa ya taɓa."

Ya dube ni, ya dubi ledar, kunnuwansa suka yi ja. Ya ce, "To. Gidansa ne." Ya ajiye kofin bai ƙarasa ba, ya tafi. Ran Lahadi a coci ba namijin da ya tambaye ni bango. Duk sun ji. Yanzu ko rufin ne ya faɗo mana a kai, ba wanda zai tako sai ka buɗe baki da kanka, ka san halin mutanenmu.

Na ƙara ledar kamar yadda ka ce. Iskar jiya ta yage ta daga sama. Ni da Janine muka hau tebur muna riƙe, tana kuka don yatsunta sun ƙage, tana cewa, "Kaka, ki buga mana, ki buga!" Ni kuma ƙusar sai zamewa take yi.

Kalma ɗaya nake roƙo. Ka rubuto ka ce in kira Waino. Ba sai ka ce ka yi kuskure ba, ban taɓa sa rai da wannan ba. Ka ce "kira shi" kawai.

Lempi

*

Tafkin Salmi
22 ga Oktoba

Arvo,

Da fatan kana lafiya. Ina cewa da fatan, don ban sani ba. Kullum ina zuwa akwatin wasiƙu a bakin titi, kullum takardar talla. In fushi kake don na ce maka mai taurin kai, to ka yi fushin ka gama, ka amsa min. In kuma wani abu ne ya same ku, rediyo yana ta maganar iska a kan tafkuna, ni ba na ko iya sauraro har ƙarshe.

Dusar ƙanƙara ta farko ta sauka, kuma a cikin kicin ɗina ta sauka. Da safe na share ta daga kan murhu da tsintsiya. Famfo ya daskare. Itacen da ya kamata ya kai mu Kirsimeti ina ta cusa shi a wuta, zafin yana fita ta leda. Tarin Patty ya sauka ƙirji. Tana kwana da hula da safar hannu a gadonmu, ta ce min, "Kaka, hancina ya mutu."

Sai na yi abin da uwata za ta yi. Na kwashe yaran muka koma sauna, ɗakin wankan tururinmu na katako da ke bakin tafki. Na wanke ta tas, na shimfiɗa katifu a ɗakin gaba inda muke tuɓe kaya, na kawo fitila da tukunya. Itace kaɗan ya ishe ta, gungumen da ubanka ya jera ko iska ba ta ratsa su. Kwana biyu ina zuba ruwa a kan duwatsu masu zafi Patty tana shaƙar tururi, tarin ya sake ta. Yanzu har rawa take yi ba riga. Janine ta ce nan ya fi gidan daɗi, wai mu zauna har abada.

An buɗe lokacin kamun kifi da raga. Na fito da taka, ni da Janine muka kafa ta, ita ke tuƙi ni ke saki. Farin kifi ya shigo sosai. Na yi banda a tsohuwar gangarka, na rataye su a saman ɗakin gaba inda ɓera ba zai kai ba. Ka ga yarinyar nan tana cire kifi daga raga, hannu jajir, ba ta ko ƙorafi. Ta ce in faɗa maka ta fi ka iya tuƙi.

Muna da ɗumi, muna da abinci. Amma in na fito na kalli gidan can sama da ledarsa tana kaɗawa, sai gabana ya faɗi. Nuwamba ta ƙarato. Ka yi magana, don Allah.

Lempi

*

Gary, Indiana
30 ga Oktoba

Lempi,

Ina lafiya, ba abin da ya same mu. Takardunki biyu yau suka zo hannuna tare. An juya mu Tafkin Michigan tun farkon wata, ba mu bi ta Detroit ba, suna can a ajiye sai da wani ya kawo buhun da mota. Na nemi waya a nan tashar, na buga, ba wanda ya ɗauka. Yanzu na gane kuna sauna.

Lempi, ba abin da nake nufi ke nan ba. Da na cire bangon, rufin kicin gaba ɗaya a kan itace biyu na tokare shi, suna bayan kabad. Wanda bai sani ba in ya buge ɗaya, rufin zai sauko a kan duk wanda ke ƙasa. Ƙanenki Uuno nake tsoro, da yadda yake zuwa taimako bayan ya sha. Da yaran. Ban kawo Waino a raina ba sam. Waino kallo ɗaya zai yi ya gane. Na ɗauka kin san haka. Ya kamata in rubuta dalili, ban rubuta ba. Ban iya takarda ba, kin sani.

Ki kira shi. Yau ɗin nan. Ki ce ni na roƙa, ki faɗi kalmar haka, na roƙa. Katako da tagogi suna rumbu, ƙusoshi a ƙarƙashin benci. Ya yi amfani da kayan aikina duka.

Komawa sauna dabara ce. Iyayena a cikinta suka yi hunturunsu na farko. In Russell ya ji haka zai san yaransa suna hannu nagari.

Akwai sauran lokaci kafin ƙarshen wata. Ki sumbaci mai wawulo. Ki ce wa ɗayar zan gwada tuƙinta.

Ki yi haƙuri da ni.

Arvo

*

Tafkin Salmi
6 ga Nuwamba

Arvo,

Ina lafiya. Takardarka ta zo yau Litinin. Yaran sun tafi ranar Asabar.

Zan faɗa maka yadda aka yi, sau ɗaya, kada ka sake tambayata.

Ran Alhamis mun hau gida ɗebo dankali sai waya ta yi ƙara. Russell ne. Patty ta riga ni ɗauka. Ina ji tana ba shi labari da murna, "Baba, yanzu a ɗakin wanka muke kwana, da kifi a samanmu! Gidan ya yi ƙanƙara!" Na karɓa na ce masa kada ya damu, muna sauna, lafiya lau. Har da alfahari na faɗa, Arvo. Ya ce to.

Asabar da safe ni da Janine muna kan ruwa muna ɗaga raga, don bakin tafki ya fara kama ƙanƙara, ina so in cire ta kafin ta daskare a ciki. Patty na bar ta a ɗakin gaba tana zane, ga tagar tana kallonmu, ina ɗaga mata hannu tana ɗago min. Da muka juyo sai na ga mutum tsaye a kan gada da takalmin birni, ya naɗe Patty a cikin kwat ɗinsa.

Ko gaisuwa bai yi ba. Ya ce, "Mama, na shiga gidan. Akwai ƙanƙara a cikin kwanon wanke-wanke."

Na ce, "Shi ya sa muka sauko nan."

Ya ce, "A banɗaki kika kwantar min da 'ya'ya? 'Yar shekara shida ita kaɗai, ga wuta, ga gatari a jingine, ga ruwa taku kaɗan?"

Na ce, "Ba banɗaki ba ne, Russell, sauna ce. Babu wuri mai tsabta kamarta a duk gidan nan." Ina so ya gane darajar wurin, sai na ƙara da cewa, "A irinta aka haife ni. A cikin wannan ɗin muka wanke gawar uban Arvo, da ta uwarsa."

Na ga fuskarsa ta canza. Mutumin da ya binne matarsa bana, na ce masa 'ya'yansa suna kwana inda ake wanke gawa. A wurinmu wannan yabo ne. Sai da maganar ta fita na ji ta da kunnensa.

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Janine, je ki haɗa kayanku." Janine ta ce, "Baba, ba mu gama cire kifin ba." Ya ce, "Kakarki za ta ƙarasa."

Na roƙe shi. Ni Lempi, da ban taɓa roƙon kowa ba, na riƙe masa hannun riga a gaban yara. Na ce ya ba ni mako ɗaya. Ya ce, "Tun Yuli ake ba ni mako ɗaya, Mama. Ba na zarginki. Amma su kaɗai suka rage min." Me zan ce masa? Kalmar da ke bakina ce ya riga ni faɗa.

Patty ta ɗauka yawo za su, tana ta tsalle. Janine ta gane. Ba ta yi kuka ba, ta shiga mota ta zauna tana kallon gabanta, hannunta duk ɓawon kifi. Ban samu na wanke mata ba.

Da na karanta takardarka ɗazu, na zauna a kan matakala na yi dariya har ta koma wani abu. Itace biyu a bayan kabad. Layi ɗaya, Arvo, da ka ƙara layi ɗaya. Ni ma da na tambaye ka dalili maimakon in yi ta zaginka a zuci.

Zan je wurin Hilja yanzu. Mazan duk suna dajin farautar barewa, amma zan je. Wataƙila in ya ji an gama ɗakin ya sake tunani.

Lempi

*

A jirgi, Tafkin Michigan
11 ga Nuwamba

Lempi,

Na samu. Ba ni da abin cewa game da lafiya.

Jiya mun wuce Milwaukee daga nesa. Na fito daga ɗakin injin na tsaya a bayan jirgi har garin ya ɓace. Suna can wani wuri a ciki, ni ina wucewa da dutse.

In kin ce in sauka, zan sauka a tasha ta gaba in je in same shi. Fansho ya tafi duk inda zai tafi. Ki faɗa min kawai. Wannan karon ki rubuta dalla-dalla, ni ma zan karanta dalla-dalla.

Arvo

*

Tafkin Salmi
19 ga Nuwamba

Arvo,

Ina gaishe ka. Ina cin abinci, ina barci kaɗan. Kada ka sauka. Ka ji dalla-dalla: kada ka sauka, ba abin da zai gyara.

Na faɗa wa Hilja kalmarka, cewa ka roƙa. Ta aika ɗan'uwanta daji. Washegari da sassafe sai ga su, Waino da mutum bakwai, da jajayen rigunan farautarsu, sun bar barewa a tsakiyar lokacinta. Ka san abin da wannan ke nufi a wurinsu. Ba wanda ya ce min komai game da yaran. Waino ya buɗe kabad ya ga itatuwanka, ya gyaɗa kai, ya ce, "Da ma na sani." Kafin rana ta faɗi bango ya tsaya, tagogi sun shiga. Matan suka kawo miya da burodi, na raba musu bandar kifin duka. Bayan kwana biyu suka dawo suka yi rufin ciki, Hilja ta ɗinka labule.

Ɗakin ya yi kyau, tsoho. Yadda ka zana shi, tagar tana kallon ruwa. Yana da ɗumi.

Na bugo wa Russell daga wayar kantin gari, don kada a saurara. Na ce an gama. Ya yi godiya, da gaske ya yi. Ya ce ya riga ya sa su a makaranta can, yayarsa na kula da su, kuma yara ba kaya ba ne da za a yi ta kai su ana dawowa da su. Ya ce wataƙila su zo hutun bazara. Na nemi Janine. Na ji yana kiranta, ya dawo ya ce ba ta son magana yanzu. Ban sani ba ko da shi take fushi ko da ni.

Abu ɗaya nake so ka yi min daga can. Motar makaranta har yanzu tana tsayawa a bakin titinmu kowace safiya, don ba wanda ya sanar da direban. Yakan buɗe ƙofa ya jira, ya danna ham, ya ƙara jira kaɗan, sannan ya ja. Ina tsaye bayan labule ina kallonsa. Kullum ina cewa gobe zan fita in faɗa masa, gobe ta yi ƙafata ta ƙi.

Ka rubuta wa makarantar ka ce su daina tsayawa. Ni ba zan iya faɗa da bakina ba.

Matarka,
Lempi